Nauyin Yaya Na'Allah

Duk Kasuwar Artisan ta Inugu babu mahaucin da ya kai Isah Jumare ido. A sauke bijimi daga mota, ya zaga shi, ya ɗan mari cinyarsa, ya faɗi naman da za a samu, kuma in an ɗora a sikeli da wuya ka ga ya kuskure da wani abin kirki. Har tsokanarsa ake yi, wai sikelin ma shi yake tambaya. Shi kuwa sai ya goge wuƙa a jikin riga ya ce ai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To wannan idon ne ya ci amanarsa a kan ɗan'uwansa na jini, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Isah ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, haukarsa ɗaya ce: wani ƙaton babur na tafiyar nesa, ɗan Beljiyam kamar yadda ake kiran kayan hannu a nan, mai akwatuna biyu a gefe da gilashin tare iska. Ranar da ba kasuwa sai ya wanke shi kamar jariri, ya kama hanya ba don yana da wurin zuwa ba.

Wannan ciwo kuwa a wurin babban wansa Na'Allah ya ɗauke shi. Na'Allah ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo shi Inugu, shi ya koya masa tuƙi a zamanin da yake okada, kafin a hana. Ƙato ne na gaske a lokacinsa, Bajimi ake ce masa, in ya hau mashin sai tayar baya ta nemi gafara. Okada ta bar masa ciwon baya, daga baya wani ciwon ya biyo, ya zaunar da shi a ɗakinsa da ke unguwar Ogui. Kullum Isah yana zuwa gaishe shi, amma gaisuwa irin tasu: a bakin ƙofa yake durƙusawa, ido a kan tabarma, a yi ta lafiya lau da alhamdulillahi, ya ajiye ƙullin nama ya tashi. Bai taɓa ɗaga kai ya ƙare wa wansa kallo ba, tun yana yaro har furfura ta fito masa.

Bayan ƙaramar salla ne, ya durƙusa kamar kullum, sai Na'Allah ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Dodon mashin ɗin nan naka, yana kai mutum Fatakwal?"

"Har Legas ma, Yaya."

"To ka kai ni wurin Ruƙayya. Rabona da ita tun bikin 'yarta. Kuma kada ka ce min bas, a cusa ni kamar kaza a kwando. So nake iska ta buge ni kamar da."

Ruƙayyatu 'yar'uwarsu ce, ita ke tsakaninsu, tana sayar da hatsi da busasshen barkono a kasuwar Mile One da ke Fatakwal. Isah ya fito daga ɗakin nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna. Tunda yake, Yaya bai taɓa roƙonsa komai ba, ko allura. Yau ga shi an roƙe shi, kuma abin da ya fi iyawa a duniya. Ya ƙudura a ransa cewa tafiyar nan sai ta fi kwanciya a gado daɗi, ko rami ɗaya ba zai taɓa bayan Yaya ba.

Matsalar ita ce shokazoba. Ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke tsakanin tayar baya da kujera, waɗanda ke shanye dukan rami kafin ya iso ƙugun mutum, na babur ɗin sun gaji, suna zubar da mai. Shi kaɗai yana lallaɓawa da su, amma ba zai ɗora mai ciwon baya a kansu ba, balle a hanyar Aba da kowa ya san halinta. Ya fara kai su wurin makanikan Coal Camp aka yi musu ɗurin mai, ba a je ko'ina ba suka koma hawaye. Sai ya ce sabo zai saya, kuma ba zai saya ba sai ya gwada.

Nan gwanintar ta motsa. Shok ba a zaɓensa sai an san nauyin da zai ɗauka. Wani zai tambayi mai hawan, ko ya ɗora shi a sikeli. Amma wa zai ce wa Yaya ya hau sikeli kamar ɗan maraƙi? Kuma me Isah zai yi da sikeli? Ya rufe ido ya kawo Na'Allah a ransa, faffaɗan kafaɗar nan, wuyan nan, ya ce buhun shinkafa biyu ne, ba ƙari ba ragi.

Anaca ya fara zuwa, kasuwar kayan gyara ta Nkpor, shagon wani Ifeanyi da ya saba saye a wurinsa. Ifeanyi ya fito masa da sabbi fil a kwali, sifirinsu ja, na mai zalla babu gas. Makanike ya ɗaura, Isah ya zaga shi kaɗai, ya dawo yana murmushi. Laushi kamar katifa. Rami ya zo, ka gan shi da ido, amma ba ka ji shi a jiki ba. Da a nan ya tsaya, da ban sami labarin ba ku ba. Sai ya wuce unguwar Hausawa, ya aro buhu biyu na shinkafa a wurin wani ɗan garinsu, ya ɗaure a kujerar baya. Babur ya durƙusa kamar raƙumi. Duk ramin da suka shiga sai sifirin ya matse har ƙarshe, ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwas.

Ifeanyi ya riƙe ƙugu yana kallon buhunan, yana tambaya ko saniya za a ɗauka. "Alhaji, who you wan carry sef? Na cow?"

"Na my senior brother," in ji Isah. "Cire su, ba su yi ba."

Da ya koma ya ba Yaya labari daga bakin ƙofa, yana kwatanta yadda jan sifirin ya nutse. Na'Allah ya saurara daga cikin babbar rigarsa, sannan ya ce, "Mai laushin nan, kana ganin ba zai ɗauke ni ba?"

"Haba Yaya! Kai da ka kusa ninka ni? Ai kafin mu fita Inugu ya zauna."

Na'Allah ya yi dariya, dariya mai daɗi, irin wadda aka daɗe ba a ji daga ɗakin ba. "Haka ne fa," ya ce. "To nemo mai ƙarfi." Ni ban ga laifinsa ba. Mutumin da kowa ke shigowa yana masa kallon tausayi, a ce akwai mutum ɗaya a duniya da har yanzu Bajimi yake gani, ba shi zai gyara masa lissafi ba.

Matar Na'Allah, Haulatu, ta tare Isah a tsakar gida tana wanke-wanke. "Malam Isah, wai shinkafa kake ta yawo da ita a madadin mijina? To ka rage buhu ɗaya. Yayanka fa cokali uku yake yi ya ture kwano."

"Ki dai ce girkinki ne ya lalace," in ji Isah. "In kin gaji da shi ki faɗa, mu nemo masa wadda ta iya miya."

"Allah da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake."

Ta jefe shi da soso, ya goce yana dariya ya fice. Abin da ke tsakanin matar wa da ƙanin miji ke nan, wasa ne tun ranar da aka kawo ta, kuma ranar da ta zo da magana ta gaskiya, a kwandon wasan ya jefa ta.

Babbar salla ta taho, aiki ya sha kan mahauta, ba a ƙara maganar shok ba sai da aka gama da raguna. Daga nan Isah ya ji labarin wasu a Ikoku, kasuwar kayan mota ta Fatakwal. Waɗannan na hannu ne amma na asali, baƙaƙe, kowanne da 'yar kwalbar gas a gefe don kada man ya yi zafi ya saki a doguwar tafiya, ga kuma zobe mai hawa-hawa a gindin sifirin, ka ɗaure shi da sifana gwargwadon kayan da za ka ɗauka. Isah ya danna ɗaya da duk ƙarfinsa, da ƙyar ya motsa. Ransa ya kwanta. Sai dai ɗayan na ɗigar da mai, mai shagon ya ce a jira kaya na hanya.

Tunda ya shigo gari, ya biya Mile One. Ya sami Ruƙayyatu a bayan tulin barkono tana faɗa da wani mai keke da ya tare mata gaban rumfa. Tana ganinsa ta leƙa bayansa.

"Kai kaɗai? Ina Yayan?"

Ya zauna ya yi mata bayanin mai da gas da sifirin, dalla-dalla, kamar ta tambaye shi. Ta bar shi ya gama.

"Isah, ni ban san shok ba. Ka sa shi a mota ka kawo min shi, ko ni in rufe rumfa in zo."

"Ya ce kada ki zo, shi zai zo da kansa. Kuma mashin yake so. Gaggawa aikin shaiɗan ce, Yaya Ruƙayya."

"Jikin nasa fa?"

"Da sauƙi. Yana nan yadda kika san shi."

Ba ƙarya ya yi mata ba, abin da ya sani ya faɗa.

Damina ta kankama, kayan Ikoku suka yi ta jan ƙafa. Da suka iso aka ɗaura, sai sabon babi ya buɗe, na gwaji. Duk yamma in ruwa ya ɗauke, za ka ga Isah ya fito daga Artisan da buhu biyu a baya, a samansu ya ɗaure kiret ɗin ƙwai, ya nufi duk layin da ya fi lalacewa. In ƙwai ya fashe, zoben bai yi ba. 'Yan kasuwa suka samu abin yi. Wannan ya ce a gaida amarya, wancan ya ce yaushe za a yi wa shinkafa suna. Shi ko a jikinsa. Ya ɗaure zobe hawa ɗaya, ya gwada, ya ƙara, ya gwada, har ya kai shi hawan ƙarshe. A nan ne buhunan suka zauna daram, babur bai durƙusa ba, ƙwai ya dawo lafiya. Ya so ma ya sake komawa Anaca, don an ce wasu masu ruwan gwal sun shigo, ya kwatanta su da waɗannan. Na'Allah ne ya aiko masa da Haulatu.

"Ya ce in gaya maka, ruwa ya ɗauke, kuma shi ba ƙwai ba ne."

Suka sa rana. Da hantsi Isah ya kawo babur ƙofar gida, ya hau ya riƙe kan da hannu biyu, idonsa a gaba, don ba ya so ya ga Yaya yana fama da hawa. Haulatu da wani maƙwabci suka fito da Na'Allah cikin babbar riga, suka sa masa hular kwano, suka taimaka masa ya zauna. Babur ko gezau. Isah ya ji bayan bai sauka ba ko kaɗan, ya ce a ransa, kai, kayan Ikoku kaya ne. Mahaucin da ke gane ramar saniya daga tafiyarta, abin ya zo har ƙarƙashinsa yana gaya masa gaskiya, shi kuma yana yaba sifirin.

Shok mai tauri in bai sami nauyin da zai danne shi ba, ba ya shanye komai. Yadda rami ya ba shi, haka yake miƙa wa na sama. Isah yana tsakiya, ga nauyinsa, ga kan babur a hannunsa, in ya hango rami yana ɗan ɗaga jiki ba tare da ya sani ba. Na baya ba shi da ko ɗaya. Tun kafin su bar gari Isah ya ji bayan yana ɗan tsalle, ya ce ƙila iskar taya ce ta yi yawa.

"Yaya, lafiya dai?" ya ɗaga murya.

"Alhamdulillahi. Ja mu je."

A Lokpanta, kasuwar shanun nan ta bakin hanya, Isah ya tsaya don su huta. Na'Allah ya ƙi sauka, ya ce in ya sauka hawa zai yi wuya, a miƙo masa ruwa kawai. Wani tsohon dillali da ya san su tun tuni ya taho suka gaisa da Isah, ya dubi mutumin da ke zaune a baya cikin hular kwano, ya yi masa sannu irin ta baƙo, sannan ya juya. "Ina Bajimi? Yana nan lafiya?"

"Yana gaishe ka," in ji Na'Allah daga cikin hular.

Isah ya ƙyalƙyale da dariya, yana cewa Yaya bai bar tsokana ba. Dillalin ya tsaya yana kallonsu, bai ga abin dariya ba.

Gaskiya akwai wurin da tafiyar ta yi daɗi, kada in ci amanarta. Bayan Umuahia sun samu wani shimfiɗaɗɗen titi sabon gyara, babu rami babu mota, dabinon manja na wucewa dama da hagu. Na'Allah ya bugi kafaɗar ƙaninsa. "Ƙara wuta, Auta! Haka na koya maka?" Isah ya murɗa, iska ta cika babbar rigar tana kaɗawa, ya ji Yaya yana ihu a bayansa kamar saurayi. Isah ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan tsakanin ba.

Sai Aba ta karɓe su. Rami kan rami, manyan motoci sun tone titi, babu wurin gocewa. Hannuwan da ke riƙe da rigar Isah suka ƙara damƙa, daga baya hular kwanon ta kwanta a bayansa, tana ƙwanƙwasarsa duk sanda taya ta faɗa. Ya rage gudu iya ragewa. Ya sake tambaya, aka ce alhamdulillahi, amma sai da ya kasa kunne sosai kafin ya ji.

Ana kiran azahar suka shiga Mile One. Bas na hon, masu keke na zagin juna, Isah ya kutsa har gaban rumfar Ruƙayyatu. Ta taso da gudu tana gyara mayafi, tana Yaya oyoyo. Isah ya kafe babur ya sauka. Na'Allah bai motsa ba.

"Auta," ya ce a hankali, "ƙafar ta ƙi. Sai ka ɗauke ni."

Isah ya yi bisimilla, ya gyara tsayuwa yadda yake yi in zai ɗaga buhu biyu, ya zura hannu ɗaya a bayan Yaya, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya tattara ƙarfinsa duka ya ɗaga. Saura kaɗan ya faɗi ta baya. Babu komai a hannunsa. Riga ce a kan riga, da rigar sanyi a ciki, a ƙarƙashinsu kuma ƙasusuwa, yana jin kowanne a tafin hannunsa. Ko buhu ɗaya bai cika ba. Kafin ya hana kansa, hannun nan na mahauci ya riga ya gaya masa nauyin daidai.

Ruƙayyatu ta cire hular kwanon, ta ga fuskar, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. A nan ne Isah ya kalli wansa, kallo na sosai, karo na farko. Kumatu sun zurma, leɓen ƙasa ya fashe inda ya yi ta cizonsa tun daga Inugu, jini ya bushe a gemunsa.

"Yaya," in ji Isah, "me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kai me ya sa ba ka duba ba?" Na'Allah ya yi ɗan murmushi. "Bar shi. Shok ɗinka ya yi kyau, na Bajimi ka saya. Shi ne dai bai samu zuwa ba."

Suka shigar da shi ɗakin Ruƙayyatu. Bai ƙara zama da kansa ba, sai an jingina shi. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cinsa, ba tafiyar ce ta kawo shi ba, kowa ma ya yi ta gaya wa Isah haka. Isah ya ji, amma ba wannan ke cin ransa ba. Abin da ke cin ransa shi ne jan sifirin nan na Anaca, da ya riƙe a hannunsa tun kafin babbar salla, lokacin da Yaya ke iya takawa har masallaci, ya ce a cire bai yi ba.

Ya bar wansa a hannun Ruƙayyatu da Haulatu, wadda ta biyo su a bas, ya hau babur ya tafi Nkpor. Ifeanyi na ganinsa ya fara wasa, yana tambayar ina saniyar, da ya dubi fuskarsa sai ya shiga ciki ya ɗauko kwalin. Aka ɗaura jajayen. Isah ya dawo Fatakwal ya durƙusa a gefen katifa, wannan karon idonsa a kan fuskar Yaya, ya ce ya samo mai laushin, in jiki ya yi ƙwari za su koma gida a kansa, ba zai ji komai ba.

"Madalla," in ji Na'Allah. "Ajiye min shi."

A Fatakwal aka binne shi, kafin azumi ya zagayo.

Isah na nan a Artisan, yana yanka yana sayarwa. In an sauke bijimi aka ce ya faɗi nauyi, sai ya ce a kai sikeli. Jajayen shok ɗin na nan a babur ɗin. Sun yi wa aikinsa laushi, in ya ɗora cinyar bijimi a baya sai ka ji ƙwas tun daga bakin kasuwa, makanikai sun gaji da ce masa ya mayar da baƙaƙen, ga su can a ƙarƙashin teburinsa. Sai ya ce a bar su, ba don kaya ya saye su ba.